Tarihin "Ware Ka Tara": Daga Takardar Haraji Zuwa Cikin Wayarka

Yau tarihi zan ba ka, amma tarihin wani aiki ne da wayarka take yi maka kullum ba ka lura ba. Kafin mu yi nisa, ɗauko wayar. Shiga Settings, ka nemi wajen da ake nuna datar da ka sha a wannan watan. Me ka gani? WhatsApp ya sha kaza, Facebook kaza, TikTok kaza, YouTube kaza. To ita wayar ba haka ta samu lissafin a shirye ba. Duk lokacin da wata manhaja ta taɓa intanet, akwai ɗan adadin da ake rubutawa. Sai a ware na kowace manhaja gefe guda, a tara su, a nuna maka jimla. Wannan shi nake kira "ware ka tara".

Abu uku ne a ciki. Akwai jeri, wato dogon layin bayanai. Akwai adadi, wato abin da ake son tarawa, ko kuɗi, ko data, ko kan shanu. Sannan akwai abin da ake dubawa a ce wannan layin na wannan rukunin ne. Shi masu rubuta manhaja suke ce wa mabuɗi. A misalin data, mabuɗin shi ne sunan manhaja. Ka riƙe kalmar nan, don duk maganar yau a kanta take. Tarawa ba ta da wahala, ko ɗan firamare zai tara. Wajen mabuɗi ake samun matsala, kuma wajen ne ake cutar mutane.

ABIN DA YA SA NA TONO WANNAN MAGANA

Ina gyaran waya a nan Kongolam, bakin iyakarmu da Nijar. Kwastomomina rabi 'yan gida ne, rabi 'yan tsallake, daga Dan Barto har wajen Matamaye. Ina da yaro da yake koyon aiki a wajena, ni da shi muke rubuta littafin shago. Wani ƙarshen wata na kwashe littafin na zuba a Google Sheets a wayata, na ce ta ƙirgo min aikin sikirin nawa muka yi. Ta ce 19. Ni kuwa na san sikirin 30 na saro daga Kano, kuma babu ko ɗaya da ya rage a durowa. Ina 11 suka shiga?

Wallahi ban tsaya tunani ba, na kira yaron na faɗa masa maganar da bai kamata ba, a gaban mutane. Washegari mahaifinsa ya zo da kansa, ya ce min: "Malam, ba faɗa na zo yi ba. A buɗe littafin a gabana." Muka bi layi-layi. Ashe ni ina rubuta "sikirin", shi kuma yaron wani lokaci ya rubuta "gilas", wani lokaci "fuska". Gilas 8, fuska 3. Ga 11 ɗin nan cif. Wayar ba ta yi ƙarya ba, abin da na tambaye ta shi ta ba ni. Ni ne na ba abu ɗaya suna uku.

Kunyar da na ji ita ta sa na fara bin diddigin abin. Sai na tarar ashe matsalar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma kakanninmu a ƙasar nan sun sha fama da ita.

ZAMANIN WURI

A shekarar 1851 wani Bajamushe mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Katsina ya shiga Kano. Cikin abin da ya rubuta har da yadda ake karɓar kuɗin sarauta. Kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane mai gida. Kuɗin karofi wuri 700 a kan kowace rijiyar rini. Kuɗin dabino wuri 600 a kan kowace bishiya. Ka duba da kyau: kowane haraji yana da abin da ake ƙirgawa, yana da farashinsa. Wato tun lokacin an san a ware kuɗin shiga bisa irinsa.

Shi kansa wurin, ƙirga shi aiki ne. Biyar-biyar ake jan shi da yatsu a ƙasa, a yi tsibi-tsibi, a haɗa ƙananan tsibi su zama babba, har a cika keso, wato buhun tabarma mai cin wuri 20,000. Ba wanda zai ƙirga miliyan ɗaya-ɗaya. Sai an yi rukuni, a tara rukunin.

Amma akwai wani mabuɗin da ya fi irin haraji muhimmanci, shi ne: wannan garin na wane ne? A wancan zamani yawancin manyan masu sarauta a birni suke zaune kusa da Sarki. Garuruwan da suke riƙe da su ba a haɗe suke wuri ɗaya ba. Wani yana gabas, wani yana yamma, a tsakaninsu kuma ga garuruwan wani basaraken. Kowane basarake yana da jakadunsa da suke zuwa karɓo masa. Jakada ya ɗebi nasa, basarake ya ɗebi nasa, sauran ya isa fada. In da za ka rubuta wannan a jeri, mabuɗin ba wuri ba ne, mutum ne. Ƙauyuka biyu suna jin kiran sallar juna, amma kuɗinsu hanya daban-daban yake bi.

A ƙasar Daura abin ya ma fi haka sarƙewa. Bayan jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya kama birnin Daura, gidan tsohuwar sarauta kuma suka fita, daga baya suka kafu a Zango da Baure. Ga kuma Damagaram daga arewa tana da ƙarfi tana karɓar gaisuwa. Talakan ƙauye abin da ya dame shi shi ne ya san a rukunin wa yake bana, don kar a karɓa wajensa sau biyu.

TURAWA SUN SAUYA MABUƊI

A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Su lissafi suke so wanda za a iya bi a takarda. Tsarin jakadu bai yi musu ba, don ba yadda za a yi Bature ya zauna a ofis ya gane nawa aka karɓa a ƙauye, nawa ya iso. A 1906 Lugga ya fitar da dokar kuɗin shiga ta ƙasa, aka dunƙule ƙananan haraji iri-iri. Sannan cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace a haɗe, aka ce kowane hakimi ya bar birni ya koma gundumarsa ya zauna. Aka kawar da jakadu. A Daura kuma Turawa suka ɗauko Malam Musa daga gidan Zango suka mai da shi Sarkin Daura, aka sake haɗe ƙasar ƙarƙashin sarki ɗaya.

Ka ga abin da ya faru? Mutanen su ne dai, gonakin su ne dai. Mabuɗi kawai aka sauya, daga "na wane ne" zuwa "a ina yake". Amma wannan sauyin ya ɗaga wasu gidaje ya kwantar da wasu. Wanda jiya yake cin garuruwa goma a warwatse, yau ko dai ya samu gunduma ko ya tashi a tutar babu.

Daga nan tarawa ta zama hawa-hawa. Mai unguwa ya tara na masu gida. Dagaci ya tara na masu unguwa. Hakimi ya tara na dagatai. Daga nan sai baitulmali, wajen Ma'aji, inda ake raba kason En'e da na gwamnatin Turawa. Kowane hawa yana da takarda, kuma dole jimlar ƙasa ta yi daidai da ta sama. Don a samu masu wannan aiki aka horar da malamai. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana cikin wuraren da suka fara fitar da su. A ƙasar Kano har da malaman taki, masu auna gona da tafiyar ƙafa don a yanka mata haraji.

Akwai kuma mabuɗin da ya shafe mu mu 'yan bakin iyaka kai tsaye. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar Ingila da Faransa, ƙarƙashin O'Shee da Tilho, ta bi daji tana kafa alamun iyaka. Daga ranar, kowane ƙauye ya samu sabon rukuni: ko na Ingilishi ko na Faransi. Dangi ɗaya, yare ɗaya, kasuwa ɗaya, amma takardar haraji biyu. Mutane kuma ba wawaye ba ne. In haraji ko aikin tilas ya yi tsanani a wani ɓangare, sai a wayi gari gida ya tashi ya tsallaka. Makiyaya ma haka. Da damina ake karɓar jangali, kan kowace saniya, don haka in an ji masu ƙirga sun doso, sai garke ya shiga daji ko ya ƙetara. Saniyar da ba ta shiga jeri ba, ba ta shiga jimla.

Ga inda abin yake da ciwo. Yawanci ana ƙirga baligan maza na gari ne, a yanka wa garin jimlar da zai kawo, dagaci da masu unguwa su raba wa mutane. To in takarda ta ce gari yana da baligi 200, alhali wasu sun rasu, wasu sun tafi cin rani ba su dawo ba, wa zai biya nasu? Waɗanda suka rage. In aka sa yaro a rukunin baligai tun bai kai ba, ubansa ne zai sayar da akuya. Malamin haraji bai yi kuskuren tarawa ba, lissafinsa daidai yake. Layin ne ya shiga rukunin da ba nasa ba. Tambayi duk wani dattijo a garinku labarin haraji, za ka ji wanda aka shanya a rana, za ka ji wanda ya gudu ya bar iyali. Irin wannan kuka yana cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU ƙarfi bayan kafa ta a Kano a 1950. Kuma shi ya sa da Alhaji Balarabe Musa ya hau gwamnan jihar Kaduna a 1979, lokacin Daura da Katsina suna cikinta, soke haraji da jangali yana cikin abin da ya fara yi, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Jihar Katsina sai a 1987 aka ƙirƙiro ta.

YADDA INJI YA KARƁI AIKIN

Yanzu bari mu koma baya kaɗan, mu leƙa wata ƙasa, don a can ne aka fara ɗora wa inji wannan aiki. A shekarun da ake jan wuri biyar-biyar a kasuwar Kurmi, Amurka tana fama da nata lissafin. Tsarin mulkinsu ya ce a yi ƙidayar jama'a duk shekara goma. A ƙidayar 1880 mutane sun kai miliyan 50, kuma ba yawansu kaɗai ake so ba. Ana son a san maza nawa, mata nawa, a wace jiha, masu wace sana'a. Da hannu ake warewa ana tarawa, sai da aikin ya ci kusan shekara takwas. Aka ga in aka ci gaba a haka, wata ƙidayar za ta zo ba a gama ta baya ba.

Wani matashi, Herman Hollerith, wanda ya yi aiki a ofishin ƙidayar, ya fito da dabara. Kowane mutum a ba shi kati ɗaya na takarda mai kauri. A huda katin a gurbin da ya dace: rami a nan yana nufin namiji, a can yana nufin manomi. Sai a sa katin a inji mai allurai. Inda akwai rami, allura ta wuce ta taɓa ruwan zaiba da ke ƙasa, wuta ta zagaya, wani agogo ya matsa gaba da ɗaya. Duk mai gyaran waya ya san wannan, layi ne ya haɗu wuta ta wuce. A gefe kuma akwai akwati mai gida-gida, murfin gidan da ya dace ya buɗe, ma'aikaci ya jefa katin a ciki. Ware ka tara ke nan, da ƙarfe da wuta. Da wannan inji aka yi ƙidayar 1890, mutum kusan miliyan 63. A 1896 Hollerith ya kafa kamfaninsa, a 1911 aka haɗe shi da wasu, a 1924 haɗakar ta koma suna IBM.

Shekaru da yawa bayan nan, haka bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa da na inshora suke lissafi. Hanyar ita ce: fara jera katunan bisa mabuɗi, duk na reshe ɗaya su bi juna. Sai inji ya riƙa tarawa, da zarar ya ga mabuɗi ya sauya, ya buga jimla ya koma sifili. Sharaɗin shi ne sai an jera tukuna. In kati ɗaya ya ɓata layi, rukuni ɗaya zai fito maka sau biyu.

A 1953 wani ma'aikacin IBM, Hans Peter Luhn, ya kawo wata hanyar da ba ta bukatar jerawa. Ka san durowar mai gyara mai ƙananan gidaje, wannan na noti, wannan na bakin caji, wannan na sifika? In ka kwance waya ba sai ka jera kayan ba, kowanne ka ɗauka ka jefa shi gidansa. Dabarar Luhn ke nan: a yi wa mabuɗi wani ɗan lissafi da zai nuna lambar gidansa nan take. Ko layi miliyan ne, kowanne ya zo sai a duba gidansa a ƙara a kan abin da ke ciki. Har yau waɗannan hanyoyi biyu su ne ake amfani da su: ko ka jera ka tara, ko ka jefa a gida ka tara.

A 1970 Edgar Codd, shi ma a IBM, ya kawo tsarin ajiye bayanai a tebur mai layi da ginshiƙi. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fitar da yaren tambayar irin wannan tebur, wanda ya zama SQL. A cikinsa aikin da malamin haraji yake kwana yana yi ya koma layi ɗaya:

SELECT aiki, SUM(kudi) FROM littafi GROUP BY aiki;

Ma'ana: daga littafi, ware bisa aiki, ka tara kuɗin kowanne. Kar ka ɗauka wannan abin manyan ofisoshi ne kawai. A shekarar 2000 Richard Hipp ya rubuta wata ƙaramar ma'ajiyar bayanai mai suna SQLite, kuma tana cikin kowace wayar Android da iPhone. A Android, lambobin mutanenka da saƙonninka na tes a cikinta suke, haka hirarrakin WhatsApp. In ka shiga wajen sarrafa ma'aji na WhatsApp ka ga wane guruf ne ya fi cinye maka wuri, ware ka tara ne, mabuɗin shi ne sunan hira.

Masu tebur na lissafi ma ba a bar su a baya ba. VisiCalc ta fito a 1979, sannan a farkon shekarun 1990 Lotus Improv da Excel suka kawo teburin da kake jan mabuɗi da hannu jimla ta sauya a gabanka. A 2004 injiniyoyin Google biyu, Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat, suka bayyana MapReduce: a raba jeri ga dubban kwamfutoci, kowace ta yi nata, a haɗa masu mabuɗi ɗaya, a tara. In ka cire girman, tsarin mai unguwa da dagaci da hakimi ne. Haka ma ranar zaɓe: rumfa, mazaɓa, ƙaramar hukuma, jiha. Shi ya sa rigimar zaɓe ba a rumfa kaɗai take ba, har da wajen tattara sakamako.

GWADA DA HANNUNKA

Tunda shafin koyo ne, ba zan bar ka da labari kawai ba. Sauke Pydroid 3 daga Play Store, manhaja ce da ake rubuta Python da ita a waya. Rubuta wannan yadda yake, ka kula da tazarar da ke farkon layin da ke ƙarƙashin for:

ayyuka = [("sikirin", 18000), ("caji", 2500), ("sikirin", 22000), ("batir", 7000), ("caji", 3000)]
jimla = {}
for aiki, kudi in ayyuka:
    jimla[aiki] = jimla.get(aiki, 0) + kudi
print(jimla)

Layin farko shi ne jerin, kowane aiki da kuɗinsa. Layi na biyu durowa ce babu komai a ciki. Sauran yana cewa: ɗauki kowane aiki, duba gidansa, in babu gidan fara da sifili, ƙara kuɗin a kai. Danna alamar kunnawa. Za ka ga sikirin 40000, caji 5500, batir 7000. Hanyar Luhn ce ka yi amfani da ita yanzu, shekara 70 da wani abu bayan ya kawo ta.

To yanzu yi abin da ya faru da ni. Goge "sikirin" na biyu ka rubuta "gilas". Sake kunnawa. Sikirin ya koma 18000, ga wani sabon rukuni gilas 22000. Wayar ba za ta yi maka gargaɗi ba, ba jan rubutu, ba komai. Ko babban baƙi ka sa, ka rubuta "Caji" maimakon "caji", ko ka bar tazara a ƙarshen kalma, Python za ta ɗauke su abu biyu. Maganin babban baƙi da tazara shi ne ka sa wannan layin a farkon abin da ke ƙarƙashin for:

    aiki = aiki.strip().lower()

Amma gilas da sikirin, babu injin da zai san abu ɗaya kake nufi sai ka faɗa masa. Wannan aikinka ne.

Wani tarkon kuma: a Python akwai groupby a cikin itertools. Sunan zai ruɗe ka ka ɗauka komai zai yi maka. A'a, irin injin kati ne, maƙwabta kawai yake haɗawa. In ba ka jera jerin bisa mabuɗi ba tukuna, sikirin zai fito maka sau biyu. Mutane da yawa masu koyo a nan suke faɗawa.

In kai ba ruwanka da Python, Google Sheets ta ishe ka. Sa irin aiki a ginshiƙin A, kuɗi a B, sai ka rubuta a wani gurbi:

=SUMIF(A:A,"sikirin",B:B)

Sannan ka yi abin da ni ban yi ba: tara jimlar duk rukunan, ka gwada da jimlar ginshiƙin B gaba ɗaya. In ba su yi daidai ba, akwai layin da ya ɓuya a wani suna. Wannan gwajin shi ne abin da Ma'aji yake yi in hakimi ya kawo kuɗi da takarda. Da na yi shi, da ban buɗe baki na zargi kowa ba.

MU 'YAN IYAKA, A ƘARA KULA

Ranar da muka bi littafin nan, mun tono wani kuskuren da ya fi na sikirin. Kuɗi biyu ke yawo a shagunanmu, naira da sefa. Mu kuma lamba kawai muke rubutawa. Ka tara 5,000 na naira da 5,000 na sefa ka ce 10,000, dubu goman me? Kamar ka tara awaki da buhun gero ne. Ga kuma dala. Mutumin Nijar in ya ce maka dala dubu, sefa 5,000 yake nufi, don dala ɗaya sefa biyar ce. In yaro ya rubuta 1,000 yadda ya ji, lissafi ya tafi. Canji kuma kullum hawa yake yana sauka, na yau daban na makon jiya daban.

Abin da muke yi yanzu: mabuɗinmu ya zama biyu a haɗe, irin aiki da irin kuɗi. Sikirin na naira gidansa daban, sikirin na sefa gidansa daban. Sai ranar da muka canza sefar muke rubuta nairar da ta ba mu, da kwanan wata. Sunayen ayyuka kuma mun zauna ni da yaron mun tsayar da guda bakwai, mun rubuta a kwali mun manna a bango. Duk aikin da bai shiga ciki ba, a rubuta "sauran" a yi bayani a gefe. Masu bashi kuwa da lambar waya muke rubuta su, don mutum ɗaya yau za a rubuta sunansa, gobe laƙabinsa, jibi sunan ƙauyensu, bashinsa ya rabu uku ka bi ɗaya ka manta biyu.

Don haka ɗan uwa, ko kai mai POS ne, ko mai cajin waya, ko mai sayar da data, ko ma'ajin adashi, duk ranar da aka miƙo maka jimla, kafin ka yarda ko ka yi fushi, tambayi abu biyu. Bisa me aka ware? Kuma duk layukan sun shiga gidan da ya dace? Jimla tana iya zama daidai ƙwarai amma ta sa ka zalunci mutum, kamar yadda takardar haraji ta sa aka karɓi kuɗin mamaci a hannun maƙwabcinsa.

Yaron nan yana nan tare da ni. Na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na yi masa faɗa a gabansu, na kuma je har gida na ba mahaifinsa. Yanzu shi ke riƙe da lissafin shago a wayarsa, kuma in na yi saurin rubuta "gilas" shi ke nuna min kwalin bango.

Ka gwada misalin nan da littafinka na wata ɗaya, ka ga rukuni nawa za su fito da ba ka san da su ba. A darasi na gaba in Allah Ya kai mu, zan nuna yadda ake sa Google Sheets ta ba ka zaɓin sunaye kawai, ta hana a rubuta wanda ba ya cikin jeri. Allah Ya sa mu dace, Ya kare mu daga zargin wanda bai ji ba bai gani ba.